Ƙafa ta Biyar a Ƙasan Amfilifaya

TAMBAYA

Malam, ni manomi ne a Fanisau, ƙaramar hukumar Ungogo, ina kuma taɓa harkar hatsi a Dawanau. Bana Allah Ya yi wa gyaɗa albarka, har na ware wani abu don in cika tsohon burina na sayen risiba ta sauti, wadda muke kira amfilifaya, in haɗa ta da talabijin a falo. Abin da nake saurare bai wuce karatun Alƙur'ani da tafsiri ba, sai tsofaffin waƙoƙin Shata da Ɗanƙwairo, da fim ɗin Hausa, da ƙwallo ranar Asabar. A Sabon Gari wani mai shago ya nuna mini Yamaha biyu 'yan Beljiyam, RX-V6A da RX-A2A. Ya ce ta biyun Aventage ce, ta manya, kuma kuɗinta ya ɗara ƙwarai. Na duba gaba da baya, ban ga bambanci ba sai ƙafa guda ta ƙari a ƙasanta. In cije in sayi ta manyan, ko kuwa?

Mai karatunku daga Fanisau

AMSA

Allah Ya ƙara wa gona albarka. Idonka bai yaudare ka ba, kuma da yawan masu shiga shagon ba sa ko ɗaga na'urar su leƙa ƙasanta kamar yadda ka yi.

Mai shagon bai yi ƙarya ba da ya ce Aventage ta manya ce. Yamaha ta fito da wannan layi a 2010, ta ɗora shi a saman RX-V da aka saba da shi, kuma duk risibar da lambarta ta fara da RX-A daga wannan gida take. Ba Yamaha kaɗai ke haka ba: Sony na da ES, Pioneer na da Elite, Onkyo na da Integra. Ka san Camry da Lexus ES, gida ɗaya suka fito, a kan ƙashi ɗaya aka gina su, sai aka ƙara wa ɗaya ado da laushi da kuɗi. To amma cikin manyan ma akwai babba akwai auta, kuma RX-A2A da aka nuna maka ita ce autar Aventage, yayin da RX-V6A ke saman ƙanwarta RX-V4A a layin talakawa. A nan ne layukan biyu suka yi iyaka da juna, kamar gonaki biyu da gamba kawai ta raba. Kowacce cikin Yamahan nan biyu tana tura lasifika bakwai. Kowacce an rubuta mata wat 100. Nauyin kowacce kusan kilo 10 ne.

Ita ƙafar da ka gani a tsakiya, kamfanin ya sa ta ne don ta danne ɗan girgizar da taransifoma ke yi a ciki. Dabara ce ta gaskiya, ban raina ta ba. Sai dai a falon da fanka ke juyawa, injin maƙwabci na ruri, awaki na kuka a tsakar gida, ba na jin akwai kunnen da zai ce ga aikin ƙafar nan. Babban abin da mai sayen Aventage ke biya a Turai da Amurka shi ne garanti mai tsawo fiye da na RX-V. Kai kuwa 'yar Beljiyam za ka saya, wadda ta riga ta yi zama a gidan wani, ta bi ruwa zuwa Legas, ta hau mota zuwa Kano. Garantinta ya tsaya can inda aka fara sayenta. Naka shi ne kwanakin gwaji da za ku yi yarjejeniya da mai shago, kuma ka sa ya rubuta su a rasit.

Inda Aventage ke fara nuna kanta da gaske shi ne daga RX-A4A zuwa sama. Ɗaga ta ka ji, ta haura kilo 15, babbarsu RX-A8A kuma ta wuce 20, tana tura lasifika goma sha ɗaya. Wannan nauyi ba na banza ba ne: taransifoma ce babba, da ƙarfen da ke shanye zafi, da gangar jiki mai kauri. Wanda ke da zaure mai faɗi da lasifika masu cin wuta, yana kallon finafinan waje da aka naɗa da sauti ta ko'ina, zai ji kuɗinsa a kunne. Wannan wani ciniki ne dabam, ba shi ke gabanka ba.

Kada kuma lissafin wat ya ruɗe ka, don a nan masu shago suka fi kama mutane. Kunnen ɗan Adam ba ya auna ƙara yadda mudu ke auna gero. Idan ka ninka wat sau biyu, ɗan ƙari kaɗan za ka ji. Kafin sauti ya zama kamar ya ninka a kunne, sai ka ninka wat kusan sau goma. Saboda haka tsakanin 100 da 110 babu abin da za ka ji. Shi ma wat 100 ɗin an auna shi ne lasifika biyu kacal na aiki, ba bakwai ba.

Yanzu mu koma kan abin da kake saurare, wanda shi ya kamata ya yanke hukunci. Tilawa da tafsiri murya ce zalla. Waƙoƙin Shata da Ɗanƙwairo an naɗe su ne a zamanin faifai da kaset, babu wani sauti da aka tanada don ya fito ta bayanka. Finafinanmu da shirye-shiryen Arewa24 akasari hagu da dama ne kawai. Ke nan daga cikin ƙofofin lasifika bakwai, biyu ko uku za su riƙa aiki, sauran na barci. Abin da zai sa ka ji fatar kalangu tana amsawa lokacin da makaɗi ya matse tsirkiya, ko ka ji numfashin alaramma kafin ya ɗauki aya, lasifika ce mai kyau. Ni a ganina duk rarar da ke tsakanin Yamahan nan biyu can ya kamata ta tafi: biyu nagari a gaba, in da hali a ƙara ta tsakiya wadda ke ɗauke da magana. Ka tafi da waƙar da ka haddace a waya, ka sa a kunna maka a hankali, ba a ƙure murya ba. Kowace lasifika tana burgewa idan an ƙure ta cikin hayaniyar kasuwa.

Akwai abin da ya fi duk wannan damuna. Kwanakin baya na tsaya wurin wani mai gyara, na tarar ya buɗe wata amfilifaya mai tsada. Ƙurar hunturu ta yi mata bargo a ciki, zanzaro ya gina ɗaki a jikin ƙarfen sanyaya, taransifomar ta yi baƙi tana warin ƙuna. Ya juya bayanta ya nuna mini rubutu ƙarami kusa da igiyar wuta: 120V. Kayan Amurka ce, mai ita ya soka ta kai tsaye a wutarmu ta 230. Ba ta yi minti guda ba. Don Allah, kafin ka tambayi farashi, karanta wannan rubutu. Idan ka ga 220 zuwa 240, ta dace da mu. Idan 120 ce, sai da taransifomar rage wuta har ƙarshen rayuwarta, kuma rana ɗaya yaro zai manta. Rediyonta na AM ma tsallen goma-goma yake yi, tashoshinmu kuwa tara-tara aka jera su, don haka Rediyon Kaduna da ke kan 594 ba zai zauna mata daidai ba.

Wutarmu kuma ka san halinta, ta zo da rauni, ta ɗauke, ta dawo da ƙarfi. Wannan ba ya tambayar layin manya ko na talakawa, duka yake ƙonawa, kuma gyaran ta manyan ya fi tsada. Ka sayi sitabilaiza mai jinkirta wuta na ɗan lokaci bayan an kawo. Idan sola gare ka, tabbatar inbatar mai tsabtataccen zubi ce, wadda masu haɗawa ke kira fiyo-sayin, domin mai arahar tana sa taransifoma gurnani da zafi. Ƙaramin janareta kuma kada a tashe shi ko a kashe shi risiba na kunne.

Sai zafi. A watan Afrilu, ƙarƙashin rufin kwano, ɗaki kan zama tanda tun kafin a kunna komai. Na san uwargida za ta so ta lulluɓe sabon kaya da kyalle mai ado saboda ƙura, kuma tana da gaskiya, amma a roƙe ta a riƙa yaye shi duk lokacin da na'urar ke aiki. Ramukan saman nan ta nan take numfashi. A bar mata sarari kamar taƙi guda a sama, kada a ɗora mata dikoda, kada a kulle ta cikin kabad mai gilashi.

Shawarata, Malam, ka ɗauki RX-V6A idan lafiyarta ƙalau. In ka tarar Aventage ɗin ce ta 230 kuma ɗayar ta 120, ko ta fi ta tsabta nesa ba kusa ba, to sai ka juya, amma saboda lafiyar, ba saboda sunan ba. Wadda duk ka zaɓa, sa a gwada kowace ƙofar lasifika ɗaya bayan ɗaya, da kowane ramin HDMI, a bar ta tana aiki rabin sa'a ka ɗora hannu ka ji zafinta. Ka nemi rimot ɗinta na asali, da ɗan makirfon nan na YPAO mai doguwar igiya, wanda 'yan Beljiyam suka cika zuwa babu shi. Idan ka isa gida, ajiye shi daidai inda kanka yake in ka zauna, a kashe fanka, a sa yara su yi shiru na 'yan mintoci, na'urar za ta auna falon da kanta ta daidaita kowace lasifika. In ɗakin tayil ne da bangon siminti tsirara, shimfiɗa darduma ka rataya labule mai kauri kafin ka yi awon.