Darasin Kimiyya: Ɓera Mai Farin Tabo Da Abin Da Ya Koya Wa Likitoci

 A wannan makon ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta ta kawo muku darasi kan wata ƙwayar gado guda ɗaya mai suna Kit. A jikin ɓera aka fara gano aikinta, amma kowannenmu yana ɗauke da irinta.

Mu tuna abin da muka koya a ajin bayoloji. Jiki ya ginu ne da ƙwayoyin halitta, kuma a cikin kowacce akwai ƙwayoyin gado da muka samu daga iyaye. Ƙwayar gadon Kit tana kan kromosom na 5 a ɓera, a mutum kuwa tana kan na 4. Aikinta ta sa a ƙera wani furotin da ke zaune a fatar ƙwayar halitta, kansa a waje, ƙafarsa a ciki. Na wajen yana jiran saƙo kamar eriya. Da saƙo ya sauka, sai na cikin ya kunnu, ya liƙa sinadarin fosfet a kan wani ɓangaren furotin da ake kira tairosin. Shi ya sa ake kiran dangin wannan furotin tairosin kainas. Umarnin da yake isarwa shi ne: rayu, hayayyafa, tafi inda ake buƙatarki.

Tun farkon ƙarni na 20 masu bincike suka lura da wasu ɓeraye masu farin tabo a ciki. Idan ɓera ya gaji matsalar daga uwa da uba duka, sai gashinsa ya fito fari fat, idonsa baƙi, ga ƙarancin jini, ga rashin haihuwa, wasu ma kan mutu kwanaki kaɗan bayan haihuwa. Me ya haɗa launin gashi da jini da haihuwa? Sai a 1988 aka tabbatar cewa Kit ce ta sami matsala. Ashe ƙwayoyin da ke ba fata launi, da na ɓargo masu samar da jini, da na haihuwa, duk da wannan makunni suke dogara.

A 1991 aka gano irin wannan matsala a mutane. Akwai waɗanda ake haifa da farin gashi a goshi da fararen tabo a ƙirji, ciki ko gwiwa. Tun suna cikin mahaifa ƙwayoyin launi ba su isa waɗannan wurare ba, saboda saƙon Kit ya yi rauni. Idan ɗaya daga cikin iyaye yana da shi, kowane ɗa yana iya gada ko ya tsallake, rabi da rabi.

A nan ne darasin ya shafe mu kai tsaye. Wannan tabo ba kuturta ba ce, ba a ɗaukarsa ta musabaha ko cin abinci a kwano ɗaya, kuma ba laifin uwa ba ne. Ya kuma bambanta da zabiyanci, domin zabiya yana da ƙwayoyin launi, sai dai ba sa samar da launin yadda ya kamata. Mai tabon yana buƙatar kare wurin daga zafin rana, ba tsokana ba. Amma tabon da ya fito daga baya, musamman idan ba a jin taɓi a wurin, wannan na likita ne. Daga nan Kwangila, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ba nisa, ga kuma cibiyar tarin fuka da kuturta a Saye.

To, idan makunnin ya maƙale a kunne fa? Sai ƙwayoyin su yi ta hayayyafa ba tare da an ba su umarni ba. A 1998 masu bincike a Japan suka nuna cewa haka ake samun wani ƙari na ciwon daji a tumbi da hanji. Da aka gane sanadi, sai magani ya samu. Imatinib, wanda aka amince da shi a Amurka a 2001 don wani nau'in sankarar jini, yana toshe Kit shi ma, kuma a 2002 aka amince a ba masu wannan ƙari. Tsakanin gano ƙwayar gadon a ɓera da wannan magani shekara 14 ce kacal.

Tambayoyin mako:
1. Waɗanne ƙwayoyin halitta uku ne ke dogara da Kit?
2. Mene ne bambancin tabon gado da zabiyanci?
3. Me ke faruwa idan Kit ta ƙi kashewa?

A rubuta amsa da suna da aji, a jefa a akwatin ƙungiya kafin ranar Alhamis. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.