DARASIN WANNAN WATA: TSIBIRIN JEJU NA ƘASAR KORIYA

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. A darasinmu na wannan wata za mu leƙa wani wuri mai nisa da ake kira Jeju. Za mu ga yadda ƙasar take, da abin da mutanenta ke ci, da yadda suka yi fama da duwatsu da iska har suka sami abin rufin asiri.

Ina ne Jeju?

Jeju tsibiri ne. Tsibiri shi ne ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko'ina. Yana cikin teku a ƙasar Koriya ta Kudu, can gabashin nahiyar Asiya. Shi ne tsibiri mafi girma a ƙasar. Tsawonsa daga gabas zuwa yamma kamar kilomita 73 ne, faɗinsa kuwa kamar kilomita 31. Mutanen da ke zaune a ciki sun kusa 700,000. Daga Siyol, babban birnin ƙasar, tafiyar kamar awa ɗaya ce a jirgin sama. Agogonsu yana gaban na Nijeriya da Nijar da awa 8. Ke nan idan muna ƙarfe 12 na rana, su suna ƙarfe 8 na dare.

Dutse mai aman wuta

A can cikin ƙasa akwai zafi mai tsanani wanda ke narkar da dutse. Wani lokaci narkakken dutsen yakan fasa ƙasa ya fito yana malala kamar kunu. Idan ya huce sai ya daskare ya zama baƙin dutse. Wannan shi ake kira aman wuta. Akwai ragowar irin waɗannan duwatsu a ƙasar Biu da ta Filato. Dutsen Kamaru ma ya yi aman wuta a 1999 da 2000.

Ta haka tsibirin Jeju ya samu. Dutse ya yi ta amai daga ƙarƙashin teku, yana daskarewa, wani bisa wani, har ya zama ƙasa. Tsofaffin littattafan tarihin Koriya sun ambaci aman wuta a can a shekarar 1002 da 1007. Yanzu duwatsun sun lafa.

Abubuwan kallo

A tsakiyar tsibirin akwai Dutsen Halla. Tsayinsa mita 1,947, kuma babu wanda ya kai shi tsawo a Koriya ta Kudu. A ƙwanƙolinsa akwai wani makeken rami inda wuta ta riƙa fitowa a da. Yanzu ruwa ke taruwa a ciki. Hawa da sauka yakan ci wa mutum yini guda. Da hunturu dusar ƙanƙara kan lulluɓe shi fari fat. Ban da shi akwai ƙananan tuddai kamar 360 warwatse a tsibirin, dukansu aman wuta ne ya yi su.

A gabas akwai Dutsen Songsan a bakin teku. Samansa kamar akushi yake. Baƙi kan hau shi da asuba don su ga fitowar rana daga cikin ruwa.

Akwai kuma koguna a ƙarƙashin ƙasa. Ga yadda suka samu. Lokacin da narkakken dutse ke malala, bayansa kan riga daskarewa, cikinsa kuwa ya ci gaba da gudu har ya tsiyaye. Sai a bar dogon rami kamar bututu. Ɗaya daga cikinsu, mai suna Manjangul, tsawonsa ya haura kilomita 7. A 2007 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa Dutsen Halla da Dutsen Songsan da waɗannan koguna cikin wuraren da ya kamata duniya ta adana.

Noma a kan dutse

Abin da ke ba baƙo sha'awa shi ne ya wahalar da manomin Jeju. Gona cike take da duwatsu. Iskar teku tana kaɗawa da ƙarfi, ta kwashe ƙasa, ta kwantar da shuka. Ana ruwan sama da yawa, amma dutsen mai huje-huje ne, ruwa ba ya zama, sai ya zurare ƙasa. Saboda haka shinkafa ba ta yi sosai. Abin da suka dogara da shi a da shi ne sha'ir da wani irin gero. A da ruwan sha ma sai mata sun je idon ruwa a bakin teku, su ɗebo a tulu su goyo shi cikin kwando.

To, me suka yi? Sai suka riƙa tsince duwatsun gona suna jera su a kan iyaka, har suka zama katanga. Ba sa sa laka ko siminti. Ɗora dutse kawai suke yi a kan dutse, a bar 'yan ƙofofi a tsakani. Idan iska ta taso, kaɗan daga cikinta kan bi ta ƙofofin, ƙarfinta ya karye, katangar kuma ba ta faɗuwa. Ku lura da amfanin wannan dabara. Gona ta rabu da duwatsu. Shuka ta sami kariya daga iska. Dawaki da shanu ba sa shiga su yi ɓarna. Kowa kuma ya san iyakar gonarsa, rigima ta ragu. Suna kiran wannan katanga batdam. An ƙiyasta idan aka haɗa tsawonta duka zai kai kilomita 22,000. A 2014 Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ta cikin muhimman dabarun noma na gado.

Yau manoman Jeju suna noma karas da kabeji da tafarnuwa da dankalin Turawa. Amma abin da aka fi sanin su da shi shi ne lemon tanjarin. A wajen shekarun 1960 da 1970 lemon ya yi daraja ƙwarai, har suka sa masa suna itacen jami'a. Dalili kuwa, mai 'yan itatuwa kaɗan yana iya biya wa ɗansa kuɗin karatun jami'a.

Mata masu nutso

Da yake gona ba ta ƙosarwa, sai mata suka fuskanci teku. Ana kiran su henyo, wato matan teku. Mace takan nutsa kamar mita 10 ba tare da tukunyar iskar shaƙa ba. Takan riƙe numfashi kamar minti ɗaya, ta ɓamɓaro katantanwar teku, ta yanko ciyawar ruwa wadda ake ci. Idan ta taso takan saki numfashi da wata ƙara kamar fito. Da wannan ƙara 'yan'uwanta ke sanin tana lafiya. Haka za ta yi ta yi na awoyi. Da wannan sana'a mata da yawa suka ciyar da gida, suka sa 'ya'ya a makaranta.

Suna da ƙungiya da dokoki. Ba wadda ke nutso ita kaɗai. Ba a kama ƙananan katantanwa, ba a kuma kamu lokacin da suke hayayyafa, don kada a ƙarar da na baɗi. Wurin da ba zurfi akan bar wa tsofaffi. A 2016 UNESCO ta karrama wannan al'ada. Sai dai tana neman ɓacewa. A shekarun 1960 matan sun haura 20,000. A 2023 ba su kai 3,000 ba, kuma yawancinsu sun wuce shekara 60.

Abinci

Baƙo zai sami kifi iri-iri, gasasshe da na miya. Akwai faten shinkafa da katantanwar teku, da miyar ciyawar ruwa, da wani abin maƙulashe da ake yi da garin gero ana birkiɗa shi da jan wake. Amma a sani, naman baƙin alade yana cikin abincin da tsibirin ya yi suna da shi, har romonsa ana zubawa a wasu miyoyi da taliya. Don haka Musulmi in ya je sai ya tambaya kafin ya ci.

Al'ada

Mutanen Jeju sukan ce abu uku ne suka yi yawa a ƙasarsu: iska da duwatsu da mata. Abu uku kuma babu: ɓarawo da maroƙin bara da ƙyauren gida. A da, sanduna uku ake gittawa a bakin gida. Idan duka suna ƙasa, masu gida na nan. Sanda ɗaya a gicciye, mai gida na kusa. Biyu, sai an jima zai dawo. Uku, ya yi tafiya mai nisa. A ƙofofin tsofaffin garuruwa kuma akwai mutum-mutumi na baƙin dutse da suke kira kakan dutse.

Ranar baƙin ciki

Jeju ta ga tashin hankali. Ranar 3 ga Afrilu 1948 wasu 'yan tawaye suka kai wa ofisoshin 'yan sanda hari. Gwamnati ta tura sojoji. Aka ƙone ƙauyuka masu yawa, rikicin bai ƙare ba sai 1954. Binciken gwamnati ya ƙiyasta mutum 25,000 zuwa 30,000 ne suka mutu, yawancinsu talakawan ƙauye. An yi shekaru ba mai ikon maganar. Sai a 2003 shugaban ƙasa Roh Moo-hyun ya nemi gafarar mutanen tsibirin. Yanzu akwai dandalin tunawa da mamatan, wanda baƙi ke ziyarta. Lalle zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Yau Jeju wurin shaƙatawa ne. A 2023 baƙi fiye da miliyan 13 suka ziyarce shi. Sun kawo kuɗi da aikin yi, amma sun ƙara yawan shara da buƙatar ruwan sha.

Tambayoyi

1. Mene ne tsibiri?
2. Me ya sa shinkafa ba ta yi sosai a Jeju?
3. Faɗi amfani uku na katangar dutse a gona.
4. Me ya sa matan teku ba sa kama ƙananan katantanwa?
5. Da me kuke kare gonakinku daga iska da zaizayar ƙasa? Ku tattauna a aji.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.