Kalmar Mako: Mai Dabara

Kalmar da muka zaɓo a wannan makon ita ce "mai dabara". Mun zaɓe ta ne saboda da yawa daga cikinmu muna ɗaukar ta daidai da "mai wayo", alhali kuwa akwai bambanci.

Hausa ta aro kalmar dabara daga Larabci, kuma jam'inta dabaru. Tana cikin jinsin mace, shi ya sa muke cewa "dabara ce". Mai dabara shi ne mutumin da idan matsala ta taso ba ya ɓata lokaci wajen surutu, sai ya dubi abin da ke hannunsa ya nemi mafita da shi. Idan suna da yawa sai mu ce masu dabara.

Ga yadda muke amfani da kalmar:
1. Inna ta yi dabara ta liƙe bokitin da ya tsage.
2. Malam ya koya mana dabarun noman rani.
3. Dabara ta ƙare wa direba, sai da aka kira makanike.

Wayo kuwa sau da yawa yana tafiya da son kai. Gizo na cikin tatsuniya mai wayo ne, kullum neman cutar wani yake yi. Saboda haka idan muka ce wa abokinmu "kai mai wayo ne", zai iya jin haushi ko da yabo muke nufi.

Misalin mai dabara shi ne Mohammed Bah Abba, wani malami a jihar Jigawa. Ya saka ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Yayin da ruwan ke bushewa yana tafiya da zafi, sai cikin tukunyar ya yi sanyi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Yalon da kan lalace cikin kwana 3 sai ya kai kwana 27, ba tare da lantarki ba. A shekarar 2000 ya samu kyautar Rolex saboda wannan aiki.

Don haka idan muka ga ɗan ajinmu ya gyara kujera ko ƙofar aji, mu kira shi da sunan da ya dace da shi, wato mai dabara. Hausawa na cewa dabara ta rage wa mai shiga rijiya. Kowa ya rubuto jimla ɗaya da wannan kalma ya ba sakataren kulob kafin Juma'a, za mu manna mafi kyau a nan.