Zumuncin Ikkilisiya Ba Tsarabar Matafiyi Ba Ne

Akwai maganar da ke tashi a ikkilisiyoyinmu duk lokacin da fasto ko ayarin matasa suka dawo daga tafiyar bishara a ƙasar waje, kuma ta kai ni bango: wai "sun samo mana Turawa." Kafin mutum ya kwance jakarsa an riga an kasafta abin da ake zaton ya kawo. Dattawa na lissafin kwanon rufin majami'a, zumuntar mata na jiran kekunan ɗinki, samari na tambayar hanyar biza. Idan aka yi wata uku shiru, sai raɗa ta soma cewa ya ci shi kaɗai. Talauci da faɗuwar naira suna da hannu a ciki, ban musa ba. Amma tushen ciwon shi ne mun mai da zumuncin ikkilisiya da ikkilisiya tsarabar mutum ɗaya, kuma duk abin da aka gina a kan wannan tunani ba ya shekara biyu a tsaye.

Masu yaɗa maganar sukan kafa hujja da Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, EYN. Gaskiya ne da Boko Haram ta kame hedikwatarta a Kwarhi cikin Oktoban 2014, watanni kaɗan bayan sace 'yan matan Chibok waɗanda yawancinsu 'ya'yanta ne, 'yan'uwanta na Amurka sun tara miliyoyin daloli don abinci da matsuguni. Sai dai a duba yaushe aka fara. A 1923 Stover Kulp da Albert Helser, 'yan mishan daga cikin waɗannan 'yan'uwa na Amurka, suka yi sujadar farko a gindin tsamiya a Garkida. Shekara 91 ke nan ana ziyartar juna, ana saɓawa ana shiryawa, ana binne mamatan juna, kafin ranar wahala ta zo. Ba lambar waya aka karɓa a wurin taro aka wayi gari da wannan amana ba. Haka kuma EMS, ƙungiyar bishara ta ECWA da aka kafa a 1948, baikon talakawan ikkilisiya ne ƙashin bayanta. Tun a ƙarni na 19 Henry Venn na mishan ɗin CMS ya nace cewa ikkilisiya lafiyayyiya ita ce mai mulkin kanta, mai ciyar da kanta, mai yaɗa bishara da kanta. Wadda ta tsaya da ƙafarta ita ke iya miƙa hannu a gaisa da ita a matsayin 'yar'uwa.

To, me wanda ya dawo zai yi? Ya huta, sannan cikin makonnin farko ya tsaya gaban jama'ar da suka aike shi ya ba da rahoto, kamar yadda Bulus da Barnaba suka yi da suka koma Antakiya. Ya faɗi abin da ya gani, da abin da aka kashe, da alkawarin da ya yi da wanda aka yi masa, komai ƙanƙantarsa. Daga nan ya miƙa wa majalisar dattawa sunaye da adireshin mutanen da ya sadu da su, magatakarda ya rubuta wasiƙar farko da sunan ikkilisiya. Wasiƙar nan ta zama ta gaisuwa da godiya da neman a yi wa juna addu'a. Kada a saka roƙon kuɗi a cikinta.

Gargaɗin da zan nanata kuwa shi ne kada kobo ɗaya ya bi ta asusun bankin mutum, ko da shi ne fasto mafi gaskiya a gunduma. Kuɗin da ya shiga asusun fasto ya jefa shi cikin zargin da ba zai iya wanke kansa ba, domin ranar da aka ce dala dubu aka turo shi kuma ya ce ɗari biyar ce, babu shaida sai bakinsa. A buɗe asusu da sunan ikkilisiya, mutum biyu ko uku su riƙa sa hannu, ma'aji ya adana kowane rasit, a karanta lissafin a gaban jama'a, a aika wa abokan zumunci kwafinsa. Idan an ba da kuɗin rijiya, rijiya za a haƙa; in bukata ta sauya, a nemi izini a rubuce. Bulus kansa, da yake tara gudummawa don matalautan Urushalima, bai yarda ya ɗauka shi kaɗai ba, sai da wakilan da ikkilisiyoyi suka zaɓa, don kada wani ya sami bakin magana. Shugabannin gunduma da ke kau da kai saboda wanda ya yi tafiyar babba ne, su ma suna da alhaki. Haka masu ɗaukar hoton marayu da gwauraye ba da izininsu ba, suna watsawa a WhatsApp don a ji tausayi. Wannan cin mutunci ne.

Wani zai ce abotar ta wanda ya yi tafiyar ce, in ya miƙa ta ga kwamiti za ta mutu. Akasin haka ne. Fasto ana yi masa canjin wurin aiki, yana tsufa, yana rasuwa, ikkilisiya kuwa tana nan. Wani kuma zai ce mu matalauta me za mu ba su? Majami'u da yawa a Turai kujerunsu sun fi masu sujada yawa, alhali a nan akwai waɗanda aka ƙone musu majami'a suka taru a kan tokarta ranar Lahadi. Wannan shaida dukiya ce, kuma suna bukatarta. Ku gayyace su su kwana a gidajenku, su ci tuwonku, su ga lissafinku a buɗe. Zumunta a ƙafa take, kuma ƙafar ta kowane ɓangare ce.