Tarin Dare Mai Haushi: Ana Ɗaukarsa Kuwa?

Da an gama yankan riɗi sanyi ya fara sauka a ƙasar Gadarif ta Sudan, akwai wani tari da kan tayar da iyaye tsakar dare. Yaro ya kwanta da 'yar mura wadda ba ta kai a damu ba, can dare ya raba sai a ji yana tari da ƙarfi kamar haushin kwikwiyo, murya ta dushe, in ya ja numfashi kuma wata ƙara mai kaifi tana fitowa daga maƙogwaro. Likitoci suna kiransa kurup. Gari na wayewa uwa ta fara tambaya: sauran yaran gidan za su ɗauka?

To, a saurara da kyau. Abin da ke yaɗuwa ƙwayar cutar mura ce, galibi wadda ake kira farainfuluwenza, kuma takan bi atishawa da majina da hannun da ba a wanke ba. Wanda ya ɗauka yakan yi kwana 2 zuwa 6 kafin ta bayyana. Amma in ta kama babba, ko yaron da ya isa shiga makarantar allo, iyakarta mura da dushewar murya. Ƙanana ne, daga wata 6 zuwa shekara 3, take mayar wa da wannan tari, kuma da wuya a gan shi bayan shekara 6.

Dalili kuwa ƙuncin hanyar iska ne. A ƙasan maƙogwaron jariri faɗin hanyar bai fi milimita 4 ba. In ciki ya kumbura da milimita 1 a kewaye, kashi uku cikin huɗu na ƙofar ya toshe ke nan. Irin wannan kumburi a wuyan babba ko a jikinsa. Saboda haka sau da yawa yayan yaron ne, mai yawo da majina yana cin tuwonsa lafiya lau, ya kawo cutar gida, alhali ana can ana zargin ɗan maƙwabta mai tari.

Garin Doka na jihar Gadarif kuwa a kan hanyar Gallabat yake, mutane ba sa yankewa. Ga leburorin girbi, ga sansanin Um Rakuba da aka sake buɗewa a 2020 domin masu gudun yaƙin Tigray, ga 'yan'uwa da suka taho jihar daga Hartum da Wad Madani tun da yaƙi ya ɓarke a 2023. Ɗakin da mutum huɗu ke kwana yanzu goma ne, kuma ba wanda zai ce a raba wa mai tari ɗaki. Abin da zai yiwu shi ne a wanke hannu da sabulu bayan an fyace masa majina, a ware masa kofi da cokali, a nisanta shimfiɗarsa da ta jariri. Kada a kai shi gidan suna ko biki sai zazzaɓi ya sauka, an kuma yi kwana 3 da farawar ciwon.

In abin ya tashi da dare, uwa, ki fara kwantar da hankalinki. Ɗauke shi ki zaunar a cinya, ki jingina shi da ƙirjinki, ki rarrashe shi, ki ba shi nono ko ruwa kaɗan-kaɗan, domin kuka na ƙara matse maƙogwaro. A fitar da kaskon turare da gawayi, mai taba ya yi waje. Suracen tafasasshen ruwa ba a ga amfaninsa ba, yara da yawa ma ƙonewa suke yi. Kafso da alluran kashe bakteriya ba sa taɓa wannan ƙwayar, asarar kuɗi ce. Maganar kai yaro wurin wanzami a cire masa beli kuwa, a bar ta sam: kumburin yana can ƙasa inda aska ba ta kai, jini kuma na iya shaƙe shi.

Yawancin yara haushin kan lafa cikin kwana 2. Amma in ƙarar numfashi ba ta tsaya ba ko yaro na zaune shiru, ko ramin wuya da tsakanin haƙarƙari suna lotsawa, ko leɓe ya sauya launi, ko yawu na dalala ya kasa haɗiya, ko jiki ya saki, a nufi asibiti a daren nan, kada a jira asuba. Akwai magani mai suna dezametazon, sau ɗaya ake bayarwa ya sauke kumburi, mai tsanani kuma a shaƙa masa adiranalin.

Saura gargaɗi guda. Mashaƙo ma yakan dusar da murya ya toshe maƙogwaro, sai dai shi yakan shimfiɗa wata fata mai ruwan toka a ciki, wuya ya kumbura, kuma yana kisa. Ya yi ɓarna ƙwarai a Kano a 2023, akasari cikin yaran da ba a yi wa rigakafi ba. Ƙyanda ma takan zo da irin wannan tari. Kurup na mura ba shi da allurar rigakafi, amma waɗannan biyun suna da ita: ta mashaƙo a mako 6 da 10 da 14, ta ƙyanda daga wata 9. Maigida, ka duba katin kowane yaro, har da na baƙin da ka sauka, wanda allurarsa ta tsaya saboda gudun hijira a kai shi a cike masa.