Yadda Ake Aiki da Fiyus Mai Kunna Fitila Idan Ya Ƙone

Ƙaramar mota ta zamani takan ɗauki fiyus sama da ashirin, galibi a akwati biyu, ɗaya a ƙarƙashin bonet kusa da batir, ɗaya a ɓoye ta gefen sitiyari inda sai mutum ya durƙusa zai gan shi. In oda ta ɗauke ko waifa ta tsaya cikin ruwan sama, aikin direba ya zama zaro su ɗaya bayan ɗaya, yana ɗagawa sama yana leƙen cikinsu da hasken waya. Wannan wahalar ce aka so a rage da aka ƙera fiyus mai ɗan ƙwai a kansa, wanda yake haskawa da zarar ya ƙone. Kamfanin Littelfuse na Amurka, wanda shi ne ya fito da fiyus mai ƙafa biyu a 1976, yana sayar da nasa da sunan Smart Glow, Bussmann kuma yana kiran nasa easyID. Akwai kuma marasa suna birjik a shagunan kayan mota.

Kafin a taɓa komai, ya kamata a san abin da ke cikinsa. Fiyus na yau da kullum ƙafafu biyu ne na ƙarfe, an haɗa su da siririn zare na tutiya, an rufe da roba mai launi. Duk wutar da za ta je ga oda ko fitila ta wannan zaren take bi. In ta yi yawa zaren ya yi zafi ya narke, hanya ta yanke, wayoyin mota su tsira. A cikin mai hasken an ƙara wata hanya ta biyu daga ƙafa zuwa ƙafa, mai ɗauke da ƙwan LED da rasista mai takaita wuta. Kamar ruwan ban-ruwa ne a fadama: muddin babbar kwata a buɗe take, ruwa ba ya kula ƙaramar, sai an datse babbar yake tsiyaya ta can. Haka nan, in zaren yana nan lafiya ƙwan ba ya samun komai. In ya tsinke, ƙarfin batir gaba ɗaya, bolt 12 da ɗoriya, ya tsaya tsakanin ƙafafun biyu, sai ƴar wuta kaɗan ta bi ta ƙwan, ta wuce ta cikin na'urar da fiyus ɗin ke tsaro, ta koma jikin mota. Wutar ba ta kai ta motsa oda ba, amma ta isa ƙwan ya haska.

Matakin farko wajen sa shi shi ne duba murfin akwatin. A cikinsa ko a littafin mota akwai zane mai nuna gurbin kowane fiyus da lambarsa. Sai a duba girma, don masu ƙafa biyun ma iri-iri ne: akwai maikuro, akwai mini, akwai mini mai gajeren wuya da ake yawan gani a motocin Japan, akwai matsakaici, akwai babba. Mai hasken an fi samunsa a mini da matsakaici. A kula da tsayinsa, domin wasu sun ɗara na asali kaɗan, har murfi ya ƙi rufuwa.

Sai lamba, wadda ita ce ba a wasa da ita. A mini da matsakaici, launin robar yana faɗin amfiya nawa fiyus ke ɗauka: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, fari garai 25, kore 30, ruwan ƙasa 7.5. Abin da aka ciro shi za a mayar, ba ƙari. Fiyus ba ya ƙonewa da an taɓa lambarsa. Mai kyau zai jure kashi 110 cikin ɗari na lambar har awa 100, amma in wuta ta ninka biyu, cikin daƙiƙa 5 ya tafi. An auna wannan ne da kaurin wayar da ke bayansa. Wanda ya sa mai 30 a gurbin mai 10 ya mayar da wayar ce fiyus, ita kuwa cikin dashbod take narkewa, inda ba mai gani sai hayaƙi ya fito. Game da masu naɗa zaren waya ko takardar sigari mai ƙyalli a gurbin, ba sai an ja magana ba.

A kashe mota, a zare makulli, a kama tsohon da ɗan matsin roba da yawanci ke maƙale a cikin akwatin, a ja shi tsaye ba tare da jijjigawa ba. In da filaya za a yi, a bi a hankali kada robar ta fashe. A tura sabon har ya zauna daram. In ya shiga sakwa-sakwa, bakin gurbin ya buɗe, kuma wannan shi kansa ciwo ne, don haɗi mai sassauci yana haifar da zafi har roba ta narke alhali zaren bai tsinke ba.

Karanta hasken ne wurin da mutane suka fi ruɗewa. Tun da wutar da ke kunna ƙwan sai ta ratsa na'urar kafin ta koma jikin mota, dole hanyar ta kasance a haɗe daga farko har ƙarshe. Saboda haka a murɗa makulli har fitilun dashbod su kama, sannan a kunna abin da ya ƙi aiki. In waifa ce a ɗaga sandarta, in oda ce wani ya danne ta, in fitilar birki ce wani ya taka birki, kai kuma idonka na kan akwatin. Mutum zai iya buɗe akwati mota a kashe, ya ga duhu, ya ce fiyus lafiya lau, ya je ya sayi sabuwar oda a banza. Haka kuma in ƙwan fitilar da ake tsaro shi ma ya mutu, hanya ta yanke a can, mai hasken ba zai ce uffan ba ko da ya ƙone. Haske shaida ne cewa ya ƙone. Rashin haske bai wanke shi ba, don haka in ana shakka a koma ga testa, a taɓa ɗigon ƙarfe biyu da ke saman fiyus.

Nan ma akwai tarko. Saboda ƴar wutar da ke tsiyaya ta ƙwan, mita mai lambobi za ta iya nuna kusan bolt 12 a ɓangarorin biyu na fiyus ɗin da ya riga ya ƙone, in babu abin da ke jan wuta a gaba. Testa mai ƙwan zare ta fi gaskiya a nan, don tana jan wuta sosai, ba za ta kama a ɓangaren da ya mutu ba. Masu rewaya da suka daɗe a sana'a ba sa rabuwa da ita, kuma suna da hujja.

In ya haska, kada a yi saurin jefar da shi. A ɗaga shi a duba. Baƙin tabo a cikin robar yana nuna wuta ta yi tsalle gaba ɗaya, wato waya ta goge ta taɓa ƙarfen mota. In kuwa zaren ya narke sumul babu tabo, lodi ne ya yi yawa a hankali. Misali ƙwan fitilar gaba mai wat 55 yana jan amfiya 4.6 ne, amma mai wat 100 da wasu direbobin dare ke so yana jan sama da 8, kuma wayar ba da shi aka auna ta ba.

A ganina amfaninsa mafi girma yana zuwa ne bayan ya mutu, kuma ba kowa ke lura ba. Fiyus ɗin da ya ƙone yana haske na'urar farautar shot ce kyauta, wato wurin da waya ke taɓa ƙarfen mota. A bar shi a gurbinsa, a cire soket ɗin duk abin da ke kan layin, ƙwai ne ko oda ko injin waifa. In hasken ya ɗauke da aka cire wani abu, wutar ta cikinsa take bi, sai a bincike shi. In an cire komai amma yana nan yana ci, to waya ce ke taɓa jiki a wani wuri. Daga nan sai a bi layin da hannu, ana motsa damin wayoyi kaɗan-kaɗan, wani na kallon ƙwan. A fi mai da hankali ga inda waya ke lanƙwasa kullum, kamar robar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota da maƙogwaron but, sai inda ta ratsa ƙarfe daga ɗakin inji zuwa ciki, sai inda aka taɓa yanka ta don haɗa rediyo ko fitilar ado. Inda aka motsa ƙwan ya ƙyafta, nan ɓarnar take. Ba a ƙona ko fiyus ɗaya ba wajen gwaji, kuma rasistar ba za ta bari waya ta yi zafi ba.

Wanda hannunsa ya saba da ƙarfen soda zai iya haɗa irin wannan da kansa. Ya nemi fiyus da ya riga ya ƙone, da jan LED, da rasista mai om 1000. Ya liƙa rasistar a ƙafa ɗaya ta LED ɗin, sannan ya liƙa bakin biyu da suka rage a kan ɗigon ƙarfen da ke saman fiyus, da sauri don kada roba ta narke. Jan LED yana cin kusan bolt 2, saura 10 a kan rasista, wato wutar da za ta bi kashi ɗaya cikin ɗari na amfiya ce. LED ta fuska ɗaya kawai yake karɓar wuta, doguwar ƙafarsa ce ke kallon batir, don haka in bai kama ba a juya fiyus ɗin, ko a haɗa biyu suna bai wa juna baya.

Ba kowane gurbi ne zan ba shi ba. A layin kwamfutar inji da na jakar iska na fi son fiyus na asali, wanda in ya yanke ya yanke ƙurmus, don na'urori masu cin wuta kaɗan ƴar tsiyayar nan na iya barinsu rabi a farke. Fitilun LED na cikin mota ma wani lokaci sukan yi dishi-dishi bayan fiyus ya tafi, su sa a zargi abin da ba shi ne ba. Masu tirela da manyan motoci masu bolt 24 su karanta kwali kafin su saya, su tabbata an yi shi don irin wutarsu. In kuma na hannu za su haɗa, rasistar ta zama mai om 2200, mai jure rabin wat.