Kifewar Tudun T a Takardar Awon Zuciya

Akwai na'urar da ke zana bugun zuciya a kan takarda, wadda wani masani ɗan ƙasar Holan, Willem Einthoven, ya kyautata a 1903. Kowane bugu yana fitowa da tuddai da kwaruruka, an kuwa sa musu haruffa. Tudun T shi ne alamar zuciya tana shirin bugu na gaba. Bisa al'ada sama yake dubawa. In ya kife ya zama kwari, sai likita ya natsu.

Ba kowace kifewa ce cuta ba. Yara ƙanana haka nasu yake a layukan V1 zuwa V3, wasu kuma, musamman matan Afirka, su girma da shi lafiya lau. Saboda haka likita ba ya yanke hukunci da takarda kaɗai. Yakan tambayi shekaru da irin ciwon, ya kuma gwada sabuwar takarda da tsohuwa.

Amma akwai kifewa mai hatsari. A 1982 Likita Wellens da abokan aikinsa suka nuna cewa in kwarin ya yi zurfi a V2 da V3 bayan ciwon ƙirji, to, babbar jijiyar da ke shayar da zuciya ta kusa toshewa. Abin tsoro shi ne alamar tana bayyana ne sa'ad da ciwon ya lafa, mai shi yana zaton ya warke.

Har wa yau akan ga kifewar ga mai jego wadda zuciyarta ta kasa. Likitoci Davidson da Parry sun yi bayanin wannan cuta a Zariya a 1978, suka danganta ta da yawan shan kunun kanwa da kwanciya bisa gadon wuta.

Don haka ana roƙon hakimai a ƙasar Rano da Kibiya su gargaɗi dagatai da masu unguwa. Wanda ƙirjinsa ya yi nauyi, yana gumi, ko mai jego mai haki da kumburin ƙafa, a kai shi asibitin Rano a ranar, ko da ya ce ya ji sauƙi. In likita ya ce a wuce Kano, kada a jira ranar kasuwa. Malamai kuwa su hori mutane su adana takardar awonsu kamar yadda ake adana takardar haraji, gama ita ce shaidar da likita zai nema gobe.